Yara da Jirgin Fito: Hani Ya Dace Ko Sharaɗi?

Tun da Muhammadu Bello ɗan Shehu ya kafa birnin Sakkwato a shekarar 1809, a kan tudun da yake duban mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, mutanen wannan ƙasa ba su gushe ba suna cin albarkar ruwa, domin daga fadamunsa ake samun shinkafa da albasa, daga cikinsa ake kamo kifi, ta kansa kuma ake haye wa gonaki da kasuwanni. Amma a 'yan shekarun nan ni'imar ta zo da wata jarrabawa wadda ta sa dattawa suka rabu gida biyu, har a unguwarmu ta Gidan Dahala, inda gidaje da yawa suke da dangi a ƙauyukan bakin gulbi, suke kuma tura 'ya'yansu can in an yi hutun makaranta ko in wani sha'ani ya taso. Abin da ake jayayya a kai shi ne: shin ya halatta uba ya bar ɗansa ƙarami ya shiga kwale-kwale a kan ruwa mai faɗi, musamman a lokacin sanyi da iska, ko kuwa wajibi ne hukuma ta hana wannan ɗungurungum?

Ba haka kawai maganar ta taso ba. A watan Afrilun 2022, cikin azumi, jirgi ya kife a Gidan Magana ta ƙaramar hukumar Shagari, aka tsamo gawa 29, cikinsu har da yara. Ba a daɗe da cika shekara ba, a watan Mayun 2023, wani jirgin ya sake kifewa a Dandeji, ita ma a ƙasar Shagari, da yaran da suka fita neman itacen girki, aka binne 15, mata 13 da maza biyu. Kafin waɗannan, ranar 30 ga Nuwamba 2021, jirgin da ya ɗebo 'yan makarantar Islamiyya daga Badau za su Maulidi ya nutse a madatsar ruwan Watari ta ƙasar Bagwai a Jihar Kano, aka rasa rayuka 29 ko fiye, mafi yawansu ƙananan yara. A watan Agustan 2025 kuma aka sake jin irin wannan labari daga Goronyo, inda jirgin 'yan kasuwa ya kife da mutane sama da 50. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba iyayensu haƙuri.

Masu ra'ayin hani, waɗanda galibinsu malamai ne da ma'aikatan lafiya da iyaye mata, sun kafa hujjarsu a kan asali guda, wato cewa kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a guda biyar da malamai irin su Imamu Gazali da Shaɗibi suka bayyana, kuma ba a sayar da shi da damin itace ko da halartar biki. Suka ce babba in ya shiga jirgin da ya ga ruwa ya kusa taɓa bakinsa, to da ganinsa da zaɓinsa ya shiga, hisabinsa kuwa yana tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma yaro ɗan shekara takwas ba shi da zaɓi, ba shi da tamyizin da zai auna lodi, abin da ya sani kawai shi ne an ce masa shiga, ya shiga. Sukan kawo abin da malaman tarihi suka ruwaito, cewa Sayyidina Umar ya ƙi ya ba Mu'awiya izinin ɗaukar Musulmi a jiragen teku zuwa Ƙubrus saboda tsoron halakarsu, kuma da Sayyidina Usman ya yarda daga baya, sai ya sharɗanta kada a tilasta wa kowa. Idan har an yi wa mayaƙa baligai wannan tsantseni, in ji su, yaya za a yi da wanda bai san damansa da hagunsa ba?

Suna da wata hujja kuma ta zahiri, wadda na ga ba a cika ba ta haƙƙinta ba. Ruwan da ake hayewa a yau ba shi ne wanda kakanninmu suka sani ba. Da can gulbi yakan cika da damina ya janye da rani, har a taka mashigi da ƙafa, kowa kuma ya san inda gurbi yake. Da aka gina madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984, da wasu ƙanana irin ta Shagari da ta Watari, sai aka samu ruwa kwance mai faɗi wanda ba ya ƙafewa, ya shanye tsofaffin turbobi, ya raba ƙauye da gonarsa, ya kuma ɓoye kututturan itatuwa a ƙarƙashinsa. A kan irin wannan ruwa iska ba ta da abin da zai tare ta, sai ta tayar da igiya cikin ɗan lokaci, alhali jirgin da ake turawa cikinsa shi ne dai na katakon nan da aka sassaƙa domin gulbi matsattse, sai dai an ɗaura masa inji a baya. Mutanen da suka wayi gari a bakin madatsa kuwa da yawansu manoma ne da makiyaya, ba Sarkawa ba, ba su gaji sanin ruwa ba.

To, ga sanyi kuma. Mutum zai ce ina ruwan Sakkwato da sanyi, ƙasar da aka sani da zafin rana? Wanda ya taɓa yin alwala da ruwan randa da asubar hunturu ba zai yi wannan tambaya ba. Masana sun tabbatar cewa ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kamar sau 25, jikin yaro kuwa ya fi na babba saurin yin sanyi saboda ƙanƙantarsa da ƙarancin kitse. Wanda ya faɗa ruwa mai sanyi ba zato, abin da jikinsa yake fara yi shi ne jan numfashi da ƙarfi ba da nufinsa ba, in kuwa kansa yana ƙarƙashin ruwa a wannan lokaci, to ruwan zai shaƙa. Bayan haka sai hannuwa su sage, ya kasa riƙe abin da aka miƙa masa. Gaskiya ne ruwanmu bai kai na ƙasashen Turai sanyi ba, amma yaron da aka tsamo da jiƙaƙƙun tufafi, iskar hunturu tana kaɗa shi, dare ya yi, asibiti yana nesa, bai tsira ba tukuna. Hatsarin Bagwai a bakin hunturu ya auku, da yamma, duhu kuma ya riski masu ceto.

Wannan shi ne zancen ɓangare na farko, kuma ba zance ne na wasa ba. Amma na biyun ma, wato masu cewa hani ba magani ba ne, ba jahilai ba ne kamar yadda wasu 'yan birni suke ɗauka. Cikinsu akwai masu fito da masunta da manoman fadama da masu unguwanni, amsarsu ta farko kuwa gajera ce: in an hana, ta ina za a bi? Yaro ba ya shiga kwale-kwale a ƙasar nan don nishaɗi. Yana shiga ne domin makaranta tana hayi, ko asibiti, ko gona, ko kuwa domin gindin murhu ba itace. Sukan tuna wa mutanen birni ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya cinye gadar da take kai wa ga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, yadda malamai da ɗalibai, masu digiri da masu neman digiri, suka koma jiran jirgin fito kamar kowa. Abin da ya sami birni na ɗan lokaci, shi ne rayuwar wasu ƙauyuka kullum. Da Gwamnatin Kano ta dakatar da fito a Bagwai bayan hatsarin 2021, ta yi abin da kowace hukuma za ta yi a ranar makoki, amma dakatarwa ba ta matsar da Badau kusa da kasuwa ko da taku ɗaya ba. Hanin da ba a tanadar masa mafita ba, in ji su, ba abin da yake haifarwa sai fiton sata da dare, wanda ya fi na rana muni.

Hujjarsu ta biyu ta fi zurfi. Suka ce sanin ruwa ilmi ne, ba a kuma samunsa a girma. Ɗan Basarke yana cikin jirgi tun yana goye, yana koyon riƙe gwangwala da duban launin ruwa da karanta hadari kafin ya san harafi, shi ya sa in jirgi ya kife shi ake kira ya yi nutso ya tsamo mutane. Wanda ya je bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara, Hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, ya ga yadda samari suke kwanciya a kan gora suna ratsa kogin Matan Fada, ya ga tseren kwale-kwale da wasannin kabanci. Waɗannan duka da ƙuruciya suka koya. In aka nisanta yara da ruwa shekara ashirin, za a wayi gari da al'ummar da ba ta da mai ceto ko ɗaya, ga ruwa kuwa yana nan bai tafi ko'ina ba. Suna ƙarfafa wannan da abin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar ɗin nan da masu hani suka kafa hujja da shi, cewa ya umarci a koya wa yara iyo tare da harbi da hawan doki.

Akwai hujja ta uku da ake ji a bakin wasu daga cikinsu, ita ce kaɗai ba zan karɓa ba ko kusa, wato cewa kwana ne ya ƙare, wanda ruwa ya ci kuma ya yi shahada. Babu Musulmin da yake musun ƙaddara, kuma muna kyautata zaton rahama ga wanda ya nutse kamar yadda hadisi ya yi bushara. Sai dai darajar mamaci ba ta wanke sakacin mai rai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya yi tawakkali, Sayyidina Umar kuma ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, bai ga hakan ya saɓa wa imani da ƙaddara ba. Matuƙin da ya cusa mutum arba'in a jirgin mutum goma sha biyar domin kada ya yi sawu biyu ya ƙona mai, sa'an nan ya ce Allah ne ya kawo, ya haɗa laifi biyu ke nan.

Idan muka koma ga littattafan da ake karantawa a zaurukan garin nan, za mu tarar malaman Malikiyya ba su hana hawa ruwa ba, ba su kuma sake shi ba ƙaidi. Shaihu Halilu, a babin hajji na Muhtasar, ya daidaita hanyar teku da ta tudu, sai fa in halaka ta rinjaya a cikinta. Ma'auni ke nan: rinjayen zaton tsira. Ibn Abi Zaid kuma a Risala ya ɗauke wa mai jirgi lamunin kayan da suka salwanta, amma ya ce ba shi da kuɗin haya sai ya isar da su, masu sharhi kuma suka bayyana cewa wannan rangwame na wanda bai yi ta'adi ko sakaci ba ne. Ashe ba a tambayar ko yaro zai shiga jirgi, ana tambayar wane jirgi, da wane lodi, a wane lokaci, a hannun wa. Jirgi mai lafiya da hantsi, ruwa kwance, yara biyar da manya uku da suka iya iyo, hukuncinsa daban. Jirgi mai yoyo da magariba, yara talatin da matuƙi ɗaya wanda shi ma bai daɗe da balaga ba, wannan kuwa halaka ta rinjaya a cikinsa tun bai bar gaɓa ba.

Turawa ma da suke shiga ruwa don wasa sun taɓa tsayawa a wannan mararraba. Suna da wani ɗan siririn kwale-kwale na mutum ɗaya ko biyu, wanda suka koya daga mafarautan ƙasashen ƙanƙara, suna fita da 'yan makaranta a cikinsa. A watan Maris na 1993, a gaɓar Lyme Bay ta kudancin Ingila, aka fita da ɗalibai takwas da malaminsu a irin waɗannan jirage, tare da masu koyarwa biyu da ba su ƙware ba. Iska ta kore su daga gaɓa, jiragen suka kife, aka yi jinkirin kai rahoto, yara huɗu suka mutu cikin ruwan sanyi.  Abin da aka yi shi ne kotu ta ɗaure shugaban kamfanin, majalisa kuma ta yi doka a 1995 cewa ba mai sana'ar fita da yara irin wannan wasa sai da lasisi da bincike. Ban kawo wannan don a kwaikwayi Ingila a kome ba, domin su nishaɗi ya kai su, mu kuwa larura. Na kawo shi ne saboda an sami wanda ya amsa laifi. A nan kuwa an saba a yi jana'iza, manya su zo ta'aziyya da buhunan shinkafa, a watse, jirgin da ya saura ya ci gaba da lodinsa na jiya.

Doka kam ba a rasa ta ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare da wuce ƙa'idar lodi, ta kuma wajabta sa rigar kariya, a 2025 ma Gwamnatin Tarayya ta raba dubban riguna ga jihohin da suke da ruwa. Sai dai masu fito suna da ƙorafin da ya kamata a saurara: riga tana da tsada, rana da ɓera suna lalata ta, ma'aikacin hukuma kuma ba ya kwana a mashigi. Ni kuma ina da nawa ƙorafin, wanda ya fi nasu shafar maganarmu. Rigar da ake rabawa galibi ta manya ce, in aka zura wa yaro ita, da ya faɗa ruwa sai ta taso ta suɓule ta kansa, ta yi ta yawo a sama shi yana ƙasa. Rigar yaro sai an auna ta da nauyinsa, an ɗaure ta tamau, da igiyar da take bi ta tsakanin ƙafafu. Duk rabon da ba a ware wa yara kasonsu ba, to an yi shi ne domin hoto.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin dukan wannan al'amari shi ne lissafin Dandeji: mata 13, maza biyu. Duk ɓangarorin biyu sukan wuce shi da sauri, alhali nan ne ciwon yake. Yaro namiji, ko a birni, yakan saci jiki ya je kududdufi ya koyi ɗan iyo, a yi masa bulala ya koma gobe. Yarinya ba ta da wannan dama, kunya da tarbiyya sun hana ta, amma ita ake aika itace da ɗiban ruwa da rakiyar amarya, ita ake jerawa a tsakiyar jirgi da zane da hijabi har ƙasa, tufafin da in sun sha ruwa sukan yi nauyi su nannaɗe ƙafafu. Masu cewa a bar yara su saba da ruwa, 'ya'yansu maza suke nufi. Masu cewa a hana, ba su faɗi wanda zai kawo itacen ba. A ƙasar Bangaladash, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ruwa kuma ya fi namu yawa nesa ba kusa ba, an daɗe ana kewaye wani sashe na tafkin ƙauye da gora, a daidaita zurfinsa, a koya wa yara maza da mata iyo a ciki. Ban ga abin da zai hana a yi haka a Shagari da Goronyo da Wamakko ba, a killace wuri, mata su koya wa mata, sutura ta tsaru, rai ma ya tsaru.

Saboda haka hukuncina ya fi karkata ga sharaɗi, amma da tsananin masu hani. Ba na goyon bayan dokar da za ta ce yaro ba zai hau ruwa ba sam, domin ba za ta bi ba, in ta bi kuma za ta yanke wasu yara daga makaranta da magani. Amma tara yara jirgi guda, ko na Maulidi ne ko na biki ko na itace, ba manya masu iyo daidai da yawansu, ba rigar da ta dace da jikinsu, ko a tashi bayan la'asar sakaliya, ko hadari ya haɗo, ko iskar hunturu tana busawa, wannan ya cancanci hani mai hukunci, a kama matuƙin da wanda ya shirya tafiyar. Wanda zai iya tsare wannan ba jami'in da zai zo daga Lakwaja ba ne; Sarkin Ruwa ne da mai gari da limami, waɗanda suka san kowane jirgi da mai shi. A shata wa kowane jirgi layi da fenti a jikinsa, in ruwa ya rufe layin a sauke wani. A koya wa yaro cewa in jirgi ya kife ya manne masa kada ya nufi gaɓa, domin katako yakan daɗe yana iyo. Wanda aka tsamo kuma a cire masa jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi, in ba ya numfashi a hura masa a danna ƙirjinsa, a bar ɓata lokaci wajen matsa ciki don fitar da ruwa, sa'an nan a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo.

Nauyi mafi girma dai yana kan masu mulki, domin mafi yawan wannan fito rashin gada da hanya ne ya haife shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nasihar da ya rubuta wa Umarun Dallaji na Katsina kan ginshiƙan siyasa, ya lissafa gina gadoji da gyaran hanyoyi da kasuwanni cikin abin da ya hau kan shugaba. Muna roƙon Gwamnatin Jihar Sakkwato da Majalisar Sarkin Musulmi su ƙidaya mashigan da yara suke hayewa kullum, su fara da su. Kai kuma mai gida, a Gidan Dahala kake ko a wata unguwa, in za ka tura ɗanka ƙauye hutu, tambayi ko akwai ruwa a hanyar. In akwai, ka san jirgin da matuƙinsa da lokacin tashinsa, in ba ka gamsu ba ka biya kuɗin mota a zagaya da shi ta tudu, ko da tafiyar za ta ninka.